Wasannin Cacar Sinawa da Sauye-sauyen da Suka Samu a Gidajen Cacar Turai da Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce bayyana yadda wasu wasannin caca na gargajiyar Sinawa suka tsallaka teku har suka sami gindin zama a gidajen cacar Turawa. Za a nuna cewa wasa ma, kamar kalmar aro, yakan sake kama idan ya baƙunci wata al'umma: wani ya rasa sunansa, wani ya rasa kayan yinsa.

2.0 Hanyar Yaɗuwa

Bayan gano zinariya a Kalifoniya a 1848, dubban Sinawa, akasarinsu daga lardin Kanton, suka yi ƙaura zuwa Amurka. Daga baya wasunsu suka yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ƙasar, wadda aka kammala a 1869. Yawancinsu maza ne da suka baro iyali a gida, don haka ɗakunan caca suka zama matattararsu. A 1891 Stewart Culin ya wallafa nazari a kan biyu daga cikin wasanninsu, wato fan-tan da cacar farar tattabara.

3.0 Wasannin da Sauyinsu

3.1 Fan-tan

Mai gida yakan kife kwano a kan tarin tsabar kuɗi ko maɓallan riga. 'Yan wasa su zuba kuɗi a kan lamba 1, 2, 3 ko 4. Sai a ɗaga kwanon, a riƙa janye ƙwayoyin huɗu-huɗu da ɗan sanda. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne lambar da ta ci. Duk da farin jininsa a unguwannin Sinawa a ƙarni na 19, wannan wasa bai karɓu sosai ga Turawa ba. A Makawo ne ya fi daɗewa.

3.2 Cacar Farar Tattabara

A nan ne sauyi ya fi fitowa fili. Tikitin asali yana ɗauke da haruffa 80 na farko na wani tsohon littafi da yaran Sinawa ke koyon karatu da shi, mai haruffa 1,000 waɗanda ba a maimaita ko ɗaya ba. Ɗan wasa yakan zaɓi goma, mai gida kuma ya fitar da ashirin. Tun da Ba'amurke ba ya karanta rubutun Sinanci, sai aka maye gurbin haruffan da lambobi 1 zuwa 80. Da jihar Nebada ta halatta caca a 1931, ba ta halatta ta tikiti ba. Saboda haka masu gidajen caca a birnin Reno suka yi dabara, suka laƙaba wa wasan sunan sukuwar dawaki, alhali babu doki ko ɗaya a ciki. Wasan da ake kira keno a yau ke nan. Suna da rubutu duk sun salwanta, tsarin ƙidaya kaɗai ya saura.

3.3 Pai Gow

Ana yin sa da ƙananan alluna 32 masu ɗigo-ɗigo, ma'anar sunan kuwa ita ce "haɗa tara". Kowa yakan karɓi huɗu ya raba su gida biyu, kuma sai ɓangarorin biyu sun rinjayi na mai gida kafin ya ci. Haddace darajar allunan na da wuya ga baƙo. A 1985 Sam Torosian, mai wani gidan karta a Kalifoniya, ya ɗora wannan tsari a kan karta: kati bakwai, a raba su biyar da biyu. A nan suna ya tsira, kayan wasa suka sauya.

3.4 Sic Bo

Ana girgiza ƙwayoyi uku irin na ludo a cikin rufaffen mazubi. Jimlar 4 zuwa 10 ita ce "ƙarami", 11 zuwa 17 kuma "babba". Da yake ɗigon ƙwaya ba ya bukatar tafinta, wasan ya shiga da sunansa da kayansa, kuma Birtaniya ta halatta shi a gidajen cacarta a 2002.

4.0 Abin da Bai Sauya Ba

Rabon mai gida bai taɓa sauyawa ba. A sic bo, ƙwayoyi uku na iya faɗuwa ta fuska 216. Wanda ya zuba kuɗi a kan "babba" yakan ci a 105, ya faɗi a 111, domin idan ƙwayoyin suka zo iri ɗaya mai gida ne ke kwashewa. Wannan rata ta shida ita ce ribar gida, kimanin kashi 2.8 cikin ɗari. A fan-tan kuwa, la'ada ake cirewa daga abin da mutum ya ci.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa gwargwadon dogaron wasa a kan rubutu da ilimin gida, gwargwadon abin da yakan rasa a baƙon wuri. Haruffa sun koma lambobi, alluna sun koma karta, amma lissafin da ke fifita mai gida a kan ɗan wasa ya isa Las Vegas kamar yadda ya baro Kanton.