Mayafi a Bangon Mujalla

Duk wanda ya daɗe yana duba mujallun mata na ƙasashen duniya, ya kuma lura da irin surar da suke bai wa mace Musulma, zai tarar cewa cikin ƙasa da shekara talatin surar ta juya daga wannan gefe zuwa wancan, amma idon mai kallon bai gusa daga wuri guda ba, wato bisa tufar da ke kanta. A da, musamman bayan 2001, idan mujallar Turai ko ta Amurka ta buga hoton mai lulluɓi, galibi don a nuna ta a matsayin abar tausayi ne, wadda aka tauye, kamar yadda aka yi ta yawo da hotunan matan Afganistan cikin burƙa. Da 'yan tijara suka farga cewa wannan baiwar Allah tana da jaka, kuma jakar ba fanko ba ce, sai harshe ya sauya. A 2016 kamfanin Dolce & Gabbana na Italiya ya fito da abayoyinsa, a 2017 Nike ya fito da hijabin wasanni, wadda jiya ake yi wa kuka yau ita ake yi wa lale marhabin.

Alhali kuwa asalin mujallar mata a ƙasashen Larabawa ba kan ado aka gina shi ba. Hindu Naufal, wata Kirista 'yar asalin Sham, ita ta fara buga Al-Fatat a Iskandariyya a 1892, kuma ilmin 'ya mace da tarbiyyarta ne suka fi cika shafukanta. Haka nan mujallar Hawwa'u, wadda Amina Sa'id ta shugabanta a Alƙahira tun tsakiyar shekarun 1950, ta yi ta muhawara kan aure da saki da haƙƙin mata. Sai daga baya kyalli ya rinjayi bahasi.

A Turkiyya al'amarin ya ɗauki wata siga ta daban, domin a can ɗankwali ya daɗe yana zaman mas'alar siyasa, har sai a 2013 aka halatta wa ma'aikatan gwamnati sanya shi a ofis. Cikin wannan yanayi mujallar Ala ta fito a Istanbul a 2011, takarda mai sheƙi, mata masu lulluɓi sanye da tufafi masu tsada, ta samu karɓuwa ƙwarai, ta kuma sha suka daga ma'abota addini waɗanda suka ce an mai da sutura hanyar tabarruji da israfi. Ni a ganina kowane ɓangare yana da hujja, gama wadda aka hana ta shiga jami'a saboda ɗankwalinta tana da haƙƙin ta ga irinta a bango cikin izza, sai dai mai cewa lulluɓin da aka yi don a jawo ido ya saɓa wa maƙasudinsa shi ma bai faɗi ƙarya ba.

Ƙissar da ta fi taɓa zuciyata ita ce ta Halima Aden, 'yar asalin Somaliya, wadda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya a 1997, ta girma a jihar Minesota ta Amurka. A 2017 ta hau bangon mujallar Vogue Arabia da hijabinta, a 2018 ta hau na Vogue ta Ingila, aka yi ta murna ana cewa an buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. Amma a Nuwamba 2020 sai ta bayyana da bakinta cewa ta bar sana'ar tallan tufafi, saboda sannu a hankali masu shirya hoto sun yi ta rage hijabin suna sauya masa kama, har akwai ranar da aka ɗora mata wandon jins a ka a madadinsa, ga salla tana kuɓuce mata a wurin aiki. Ta ce mahaifiyarta ta daɗe tana yi mata nasiha. Ga mace da aka ɗaukaka saboda lulluɓinta, kuma lulluɓin nan shi aka fara ci.

Akwai kuma wata hasarar da ba a cika ambata ba. Suturar Musulma iri-iri ce: tob na matan Sudan, malahfar matan Muritaniya, atamfa da gyale da ɗaurin kallabi na matanmu. Amma mujallun nan sun kusa taƙaita ta ga abayar Dubai da ɗaurin Istanbul, har yarinya a Kano ko Damagaram ta fara ganin mayafin kakarta ƙauyanci ne, alhali ya suturta ta sarai.

Saboda haka ina roƙon masu buga mujallun mata a ƙasarmu, idan za su sa malama ko likita ko 'yar kasuwa a bango, su bar ta cikin tufar da ta zaɓa da kanta, sa'an nan su ba ta shafi huɗu ko biyar ta faɗi abin da ta sani.