Dogon Dutsi: Me ke sa babban allo ɗaukewa bayan an sabunta Windows?

A shagunan buga takardu da gidajen ɗaukar hoto na Dogon Dutsi da Tibiri, ba kasafai kwamfutar tafi-da-gidanka ke aiki ita kaɗai ba. Galibi akan jona ta da wani allo da ya fi nata girma, ko tsohon allon kwamfutar tebur, ko talabijin, ko majigi. A kansa ne mai haɗa katin biki ke nuna wa mai aiki launi kafin a buga, malami ya haska darasi, mai gidan kallo ya nuna ƙwallo.

Sai dai akwai matsalar da ke yawan tsayar da irin waɗannan ayyuka. Kwamfuta za ta sabunta Windows da daddare, gari na wayewa a kunna, ƙaramin allonta ya kawo lafiya lau, babban kuwa ya tsaya baƙi ƙirin, ko ya rubuta "Pas de signal".

Abin da ke fara zuwa ran mai kaya shi ne allon ya ƙone. Daga nan sai lissafin sayen wani, ko na kuɗin mota zuwa Dosso mai nisan sama da kilomita 130, ko Yamai mai nisan kimanin kilomita 270. Wani kuma ya kai wa mai gyara, a wanke kwamfutar gaba ɗaya, takardun mutane da hotunan bukukuwa na shekaru su tafi a banza.

Alhali idan allon ya yi aiki jiya, kuma babu abin da ya shiga tsakani sai sabuntawar, da wuya a ce wani ƙarfe ne ya lalace. Mafi yawan lokuta manhaja ce ta sauya, kuma ana iya mayar da ita ba tare da an kashe ko dala ba.

Tafintan da ke tsakani

Kowace kwamfuta na da sashen da ke sarrafa hoto, wanda galibi kamfanonin Intel ko AMD ko Nvidia ke ƙerawa. Windows ba ta magana da wannan sashe kai-tsaye, sai ta hannun wata ƙaramar manhaja da masu Ingilishi ke kira direba, masu Faransanci kuma su ce pilote. Aikinta kamar na tafinta ne: ta karɓi umarnin Windows, ta isar da shi cikin yaren da sashen hoton ke ji.

Lokacin sabuntawa, Windows kan sauko da sabbin direbobi ta maye gurbin tsofaffin. Idan sabon bai dace da kwamfutar ba, ko ba a samu wanda ya dace ba, sai ta ɗora wani na wucin-gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wannan na iya kunna allon kwamfutar kanta, amma ba a yi shi domin tafiyar da allo biyu ba. Shi ya sa ƙarami ke kawowa, babba ya yi shiru.

Haka zalika, duk allon da aka jona yakan gabatar da kansa ga kwamfuta ta cikin wayar: sunansa, da girman hoton da yake iya ɗauka. Idan direba bai karanta wannan bayani daidai ba, yana iya tura hoton da ya fi ƙarfin allon. A nan ne tsofaffin majigai masu ɗaukar 1024 x 768 ke nuna saƙon cewa hoton ya wuce iyakarsu.

Dalilin da ya sa ta yi yawa a yanzu

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Wannan ya sa jama'a da dama suka yi ta neman komawa Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021.

Windows 11 kuwa na da sharuɗa. Tana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai injin zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa daga ƙarshen 2017. Yawancin kwamfutocin da ke hannun matasan Arewa na hannu ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, kuma da yawansu sun girmi wannan iyaka.

Masu gyara sun san dabarar tsallake sharuɗan su ɗora Windows 11 da ƙarfi. Kwamfutar za ta tashi, amma Microsoft ya riga ya bayyana cewa bai ɗauki alhakin irin waɗannan ba. Shi ma Intel, tun a watan Yulin 2022 ya mayar da sashen hoto na injunan zubi na shida zuwa na goma rukunin tsofaffi, ba ya fitar musu da komai sai gyaran tsaro da na manyan kurakurai. Waɗanda suka girmi waɗannan ma an daɗe da barin su. Don haka duk wata babbar sabuntawa da ta zo, tana iya tarar da tsohon direban da babu mai kula da shi.

Tsohuwar waya, sabuwar kafa

Ɗaya gefen matsalar na jikin waya. Kafar VGA, mai bakin shuɗi da allurai 15, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987. A watan Disambar 2010 Intel da AMD da wasu manyan kamfanoni suka sanar da cewa za su yi ban-kwana da ita zuwa 2015. Sabbin kwamfutoci sun koma HDMI da USB-C, amma tsofaffin alluna da majigan makarantu da ofisoshi har yanzu VGA suka sani.

Abin da ke haɗa su shi ne 'yar adafta. Ta HDMI zuwa VGA na ɗauke da ƙaramin inji a cikinta, wanda ke juya siginar daga wani nau'i zuwa wani, kuma yana shan 'yar wutar da kafar HDMI ke bayarwa. Idan wutar ta gaza, hoto ya ɗauke. Wannan ne dalilin da ya sa wasu adaftocin ke da ƙaramar kafar caji a gefe. Sannan hanya ɗaya take bi: wadda aka yi domin HDMI zuwa VGA ba za ta yi aiki a juye ba.

Ita ma USB-C na ruɗar mutane. Kafofin duk kamarsu ɗaya, amma ba kowace ce ke fitar da hoto ba, wasu caji da kwasar bayanai kawai suke yi.

Ƙurar hunturu na ƙara nata. Takan cika kafofin, allurar VGA ɗaya ta lanƙwashe, hoton ya koma shuɗi ko ruwan hoda. Irin wannan na iya faɗowa a rana ɗaya da sabuntawa, a ɗora wa Windows laifin da ba nata ba.

A fara daga abin da ba ya cin kuɗi

Gwajin farko shi ne raba mai laifi da wanda ba ruwansa. A jona allon da wata na'ura, ko da dikodar Canal+ ce idan yana da kafar HDMI. Idan ya kawo hoto, allon lafiyarsa ƙalau. A kuma duba ko an zaɓi kafar da ta dace a jikin talabijin ɗin, domin waya na iya kasancewa a HDMI 2 alhali yana jiran HDMI 1.

Na biyu, a sake tayar da kwamfutar ta hanyar "Redémarrer", wato "Restart" ga mai Windows ta Ingilishi. Akwai bambanci tsakaninsa da kashewa a kunna. Windows na da tsarin saurin tashi wanda ke adana direbobi yadda suke idan an kashe, ya dawo da su da matsalarsu idan an kunna. Sake tayarwa ne ke loda su daga tushe.

Na uku, a danna maɓallin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito: allon kwamfuta kaɗai, "Dupliquer" mai nuna abu ɗaya a duka biyun, "Étendre" mai faɗaɗa fili, sai allo na biyu kaɗai. Sabuntawa kan mayar da saitin kan na farko ba tare da mai kaya ya sani ba.

Idan har yanzu shiru, a danna Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci guda. Kwamfutar za ta yi 'yar ƙara, allon ya ƙifta, direban hoto ya sake tashi. Daga nan a danna ɓangaren dama na linzami a kan fuskar kwamfutar, a shiga "Paramètres d'affichage", a taɓa "Détecter". Idan allon ya bayyana a jeri amma ba hoto, a rage girman hoton, a sa saurinsa a kan 60 Hz.

Mayar da hannun agogo baya

Idan duk waɗannan ba su yi ba, sai a leƙa wurin tafintan. A danna ɓangaren dama na linzami a kan tambarin Windows, a buɗe "Gestionnaire de périphériques", a duba ƙarƙashin "Cartes graphiques". Idan sunan Intel ko AMD ko Nvidia ya ɓace, sunan Microsoft ne a wurin, an gano bakin zaren. Maganin shi ne sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ta amfani da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta.

Idan kuwa sunan na nan, a shiga bayanansa a danna "Restaurer le pilote", wanda ke dawo da tsohon direban da ya yi aiki jiya. Haka kuma ana iya cire ƙaramar sabuntawa daga cikin tarihin Windows Update.

Babbar sabuntawa, kamar tashi daga Windows 10 zuwa 11, na da wa'adi. Kwana 10 kacal Windows ke bayarwa a koma tsohuwar. Bayan nan takan share ajiyar da kanta. Wasu ma kan goge jakar Windows.old da hannunsu don samun fili, ba su san ita ce hanyar komawar ba. Wanda ya yi mako biyu yana jiran samun motar zuwa Dosso, kafin ya isa ƙofar ta rufe.

Wanke kwamfuta shi ne mataki na ƙarshe, kuma duk mai gyaran da ya fara da shi kafin ya gwada sauran, ya kamata a tambaye shi dalili. Ko da ta kama dole, a fara kwashe takardu a filashi.

Wuta da data

Yanayin Arewa na da nasa tasirin. Yankin Dosso da Yamai sun daɗe suna dogaro da layin lantarkin da ke tasowa daga Birnin Kebbi, kuma jama'a ba su manta da yadda Najeriya ta katse shi a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris ɗin 2024 ba. A ƙauyukan Matankari da Dankasari da Kore Mairuwa da Gesheme, da yawa na dogaro da hasken rana ko janareta. Kwamfutar da batirinta ya mutu, idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar sabuntawa, direba na iya shiga rabi-da-rabi.

Ga kuma tsadar data. Direban hoto ɗaya na iya cin ɗaruruwan megabait, abin da ke da nauyi ga mai jona kwamfuta da wayar salula. A saitin intanet na Windows akwai zaɓin nuna cewa data a ƙidaye take, wanda ke hana yawancin sabuntawa saukowa ba izini.

Microsoft kan saki gyare-gyarensa na wata-wata a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma ana iya dakatar da su har tsawon mako biyar. Ga mai shagon da ke tsakiyar aikin takardun jarrabawar BEPC ko BAC, ko malamin da zai haska darasi gobe, wannan dama ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. A dakatar, a gama aikin, sannan a sabunta a ranar da ke da wuta da sarari. Barin sabuntawar gaba ɗaya kuma haɗari ne, domin ita ce ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi.

Saƙo ga masu aiko da kaya

Kwamfutoci da dama na shigowa Arewa ne ta hannun 'yan'uwa da ke ci-rani a Legas da Kwatano da Abijan, ko masu karatu da aiki a Faransa. Mai aikowa na iya rage wa ƙaninsa wahala tun kafin kayan su taso.

Ya tambayi irin allon da ke gida, ya haɗo da adaftar da ta dace, ya gwada ta da hannunsa. Ya sauko da direban hoto a inda intanet ke da araha, ya sa a filashi. Idan MacBook ce, ya san cewa masu injin M1 na 2020 allon waje ɗaya kawai suke ɗauka. Idan kuma sayen ta hannu zai yi, ya duba ko tana cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Wanda tasa ta riga ta tsufa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun masu Windows 10 shirin ƙarin gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajista. Wannan ya ba mai shago lokacin tara kuɗin wata, maimakon ɗora wa tsohuwar kayan da ba za ta iya ɗauka ba a tsakiyar kakar aiki.