An Yi Aiki, Ciwo Bai Tafi Ba: Rayuwa Bayan Tiyatar Gadon Baya

Duk wanda ya yarda a yi masa tiyata a gadon baya, to ciwo ne ya kai shi maƙura. Wani sai da ya sayar da gona, wani kuma dangi suka yi masa karo-karo, kafin a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko wani asibitin koyarwa, ko a fita da shi Indiya ko Masar. Mafi yawansu suna samun sauƙi sosai. Amma akwai waɗanda bayan wata shida, har shekara, ƙugu na nan na ciwo, ƙafa na nan na zugi. Ƙiyasin masana ya sha bamban, amma yakan faɗa tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar ƙugu iri-iri. Abin da ke fara zuwa bakin majinyaci shi ne, "Ko aikin ne bai yi ba?" Sau da yawa aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa, sauran ciwon kuwa tushensa daban ne, kuma maganinsa ba lallai wuƙa ba ce.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifan guringuntsi, mai tauri a waje da taushi a ciki, wanda ke hana ƙashi gogar ƙashi. Idan bangonsa ya tsage, abin da ke ciki yakan bulluƙo ya danne jijiyar da ke fitowa ta nan. Wannan ya fi faruwa a faifai biyu na can ƙasan ƙugu, inda jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke fitowa. Shi ya sa matsalar tana baya amma zugin yana bin ɗuwawu, ya gangara cinya, ya kai har tafin ƙafa. A shekarar 1934 ne likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa binciken da ya tabbatar wa duniyar likitanci wannan alaƙa.

Aikin tiyatar shi ne cire ɓangaren da ya bulluƙo domin jijiya ta sarara. Tiyatar ba ta mayar da faifan sabo, shi ya sa ta fi maganin ciwon ƙafa a kan ciwon ƙugu. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan kan majinyata 283, aka wallafa a 2007, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi saurin rabuwa da ciwon ƙafa, amma bayan shekara guda kusan duk ɗaya suke da waɗanda aka fara kula da su ba tare da tiyata ba.

To me ke sa ciwon ya zauna? Na farko ita kanta jijiyar. Dutsen da ya daɗe a kan ciyawa, ko an ɗauke shi, ciyawar ba ta yin kore ranar nan. Haka jijiyar da ta yi watanni a danne: warkewarta na tafiya a hankali, sagewar ƙafa ko raunin yatsu na iya ɗaukar watanni, wani lokacin ma ba sa tafiya gaba ɗaya. Na biyu tabon da jiki ke yi a ciki bayan kowace tiyata, wanda kan liƙe wa jijiya. Na uku faifan na iya sake bulluƙowa a wuri guda, abin da ke samun kusan kashi 5 zuwa 15 cikin 100, kuma shan taba da ƙiba na ƙara haɗarinsa. Akwai kuma ciwon ƙananan gaɓoɓin baya da na tsokar da ta yi rauni saboda doguwar kwanciya. Na ƙarshe, wanda mutane suka fi jinkirin yarda da shi: idan ciwo ya daɗe, laka da ƙwaƙwalwa kan saba da kai saƙonsa, har abin da bai kai ya yi zafi ba ya riƙa yi. Ciwo ne na gaske, ba raki ba ne.

A nan ne ake buƙatar hattara da hoton MRI. A 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba sa jin ciwon komai, sai aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya kumburo. Ashe ba duk abin da hoto ya nuna ne ke kawo ciwo ba. Tiyata ta biyu tana da amfani idan an ga jijiya a danne kuma abin da aka gani ya dace da inda majinyaci ke kuka da shi. In ba haka ba, duk ƙarin aiki ƙarin tabo ne, kuma nasara takan ragu daga aiki zuwa aiki.

Akwai dai alamomin da ba a kwana da su a gida. Idan fitsari ko bayan gida ya ƙwace, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya sage, ko ƙafa tana ƙara rauni kullum, a garzaya asibiti nan take. Haka idan zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki ya fara fitar da ruwa ko mugunya. Rama da gumin dare kuwa suna sa likita ya bincika tarin fuka, domin cutar tana kama ƙashin baya.

Idan likita ya tabbatar babu ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya fi taimako shi ne wanda majinyaci ya fi tsoro, wato motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, ta fitar da jagora a ƙarshen 2023 kan ciwon da ya daɗe. Ta ƙarfafa ilmantar da majinyaci, da motsa jiki mai tsari, da taimakon masana halayyar ɗan Adam. Ta kuma ja kunne kan dogaro da bel ɗin ƙugu, da jan baya da na'ura, da magunguna dangin taramadol. Hanyar da likitocin gashin ƙashi ke bi mai sauƙin faɗa ce: a fara da tafiyar da jiki zai iya ko a ranar da ciwo ya motsa, ko ta minti biyar ce, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙure jiki ranar da aka ji dama, sannan a kwanta kwana uku.

Rayuwar yau da kullum ma sai an yi mata gyara. Doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada, noma a duƙe, daka, wanki a sunkuye, ɗaukar jarkar ruwa, duk a rage su ko a rarraba su, har ƙarfi ya dawo. Wanda ruku'u da sujada ke tayar masa da ciwo, addini ya ba shi damar yin salla a zaune. A kuma nisantar da bayan da aka yi wa aiki daga tsaga da taka baya da murɗar masu ɗori.

Batun magani shi ne inda ake yawan rasa mutane. Binciken ƙasa kan shan ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan magungunan dangin taramadol ba bisa ƙa'ida ba. Mai ciwon da ya daɗe yana bakin wannan rami, domin jiki na sabawa da ƙwayar, ya nemi ƙari, ciwon kuma yana nan. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su kullum na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma haɗin da ake ƙullowa a kemis yakan ƙunshe su ba tare da mai sha ya sani ba. Magungunan zugin jijiya irin su amitriptyline sai da umarnin likita, a gwada na wani lokaci, in ba su yi ba a janye su a hankali.

Iyali ma suna da nasu kason. Cewa "ai an yi maka aiki, me kuma ya rage?" na tura mutum cikin ƙunci, ƙunci da rashin barci kuwa suna ƙara ciwo. Hana shi taɓa komai ma cutarwa ce. Abin da yake buƙata shi ne a yarda da abin da yake ji, a raka shi tattaki, a taimaka masa ya koma sana'arsa ko da rabin yini ne. Masu tara kuɗin tiyata su ware na gashin ƙashi tun farko, likitoci kuma su faɗa wa majinyaci gaskiyar abin da aikin zai iya da wanda ba zai iya ba, tun kafin ya sa hannu a takarda.