Haihuwa ta Tiyata: Yaushe Ta Zama Dole?

'Yan'uwa, a wasu ƙasashe ana ƙoƙarin rage yawan tiyatar ciro jariri. A Brazil fiye da rabin jarirai ta tiyata ake haifarsu, sau da yawa ba domin wata matsala ba, sai don tsoron naƙuda ko sauƙin aikin likita. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan tiyata ta wuce haihuwa 10 cikin 100 a ƙasa, ƙarin ba ya rage mutuwar iyaye mata da jarirai. Tiyata babban aiki ne: ana zubar da jini, ciwon na iya ruɓewa, tabon da ya rage a mahaifa kuma yana iya tsagewa a ciki na gaba. Shi ya sa ake son ma'aikata su riƙa rubuta yadda naƙuda ke tafiya, a kuma nemi ra'ayin wani likita kafin a yanka idan babu gaggawa.

Amma kada mu ɗauki wannan labari a baibai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin haihuwa 3 cikin 100 ne kaɗai ake yi ta tiyata a Nijeriya, a ƙauyukan Arewa kuwa bai ma kai haka ba. Matsalarmu a Karaye da Rogo ita ce jinkiri. Mace takan kwana biyu a kan gwiwa ana jiran maigida ya dawo, ko ana neman kuɗin mota. Kan jariri ya danne mafitsara har naman ya mutu. Daga nan ne yoyon fitsari ke samuwa, idan ma uwar ta rayu.

Idan jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai ciki, ko naƙuda ta wuce awa 12, a tafi babban asibitin Karaye ko na Rogo nan take. A Nuwamba 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyata kyauta ga mata marasa hali. Ku tambaya tun wurin awon ciki ko asibitinku yana cikin shirin.

Kuna da 'yancin tambayar likita dalilin tiyata, kuma wadda aka yi mata ba raguwa ba ce, a daina gorin nan. Mai tabon tiyata ta huta kamar shekara 2 kafin wani ciki. Wata takan iya haihuwa da kanta bayan haka, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata, ba a gida ba.