Ɗan wasan da ya koma mataimakin malami ba albashi

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da takarda yana cewa ya ji wai a Amurka shahararren ɗan wasa kan ajiye wasa ya koma jami'a yana yi wa wani mai horarwa mataimaki, ba ko sisi. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, da me yake ci?

To Malam, gaisuwa mai yawa. Abin da ka ji ya faru, kuma ga misali daga wasan da ake kira besbol. Wasa ne na mutum tara-tara. Ɗaya ya jefo ƙwallo ƙarama mai tauri, ɗaya ya doke ta da kulki ya ruga ya kewaya tashoshi huɗu. Dukan nan fa wuya gare shi, domin ko gwani yakan kuskure sau biyu cikin uku.

Tony Gwynn, wanda aka haifa a 1960, ya yi shekara 20 yana yi wa ƙungiyar San Diego Padres wasa, daga 1982 zuwa 2001, bai taɓa sauya ƙungiya ba. Ya yi duka mai kyau har 3,141, kuma sau 8 yana zama zakaran masu duka a rukuninsu. Da ya ajiye kulki sai ya koma Jami'ar Jihar San Diego, inda ya yi karatu, ya shafe kakar 2002 a ƙarƙashin tsohon malaminsa Jim Dietz a matsayin mataimakin sa-kai. Ka lura, filin da yake jefa wa samari ƙwallo tun 1997 sunansa yake ɗauke da shi!

Me ya kai shi? Kai da kanka ka san iya awo daban, iya koya wa yaron shago awo daban. Aikin mataimaki shi ne ya tsaya bayan yaro ɗaya, ya duba tsayuwarsa da riƙon kulkinsa, ya gyara, gobe ya sake gyarawa. An riga an yi wa Gwynn alkawarin gadon kujerar Dietz, don haka shekarar ta koyon aiki ce. Daga 2003 ya zama shugaban masu horarwa, kuma a hannunsa Stephen Strasburg ya tashi, wanda aka fara zaɓa a duk ƙasar a 2009.

Batun abinci kuwa, shi Gwynn ya tara abinsa tun yana wasa. Waɗanda suka sha wuya su ne ƙananan mataimaka marasa suna, masu dogaro da ɗan kuɗin da iyaye ke biya idan an shirya wa yara horo lokacin hutu. A ganinmu wannan ba adalci ba ne. A 2023 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke matsayin sa-kai a manyan jami'o'i, ta ba da damar a riƙa biyan mai riƙe da shi.

Gwynn ya rasu ran 16 ga Yuni 2014 yana da shekara 54, yana kan aikinsa. Ciwon daji ne ya kama shi a wurin da yawu ke fitowa cikin kunci, kuma shi da bakinsa ya ɗora laifin a kan tabar da ya daɗe yana cusawa a baki tun yana saurayi.