Hunturu da Itacen Girki: Inda Zafin Murhu Yake Salwanta a Ƙasar Kazaure

Hunturu yakan sauka a 'Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura daga wajen ƙarshen Nuwamba, ya kai har cikin Fabrairu. Iska ce busasshiya mai tasowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke fitowa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A tsakiyar ɗari, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 13 ko 14 kafin asuba, wani lokaci ƙasa da haka, sannan ya haura kusan 30 da azahar. Wannan tazara ce ke sa gida ya ci makamashi fiye da na kowane lokaci a shekara: ruwan alwala sai an ɗumama, ruwan wankan yara sai an ɗumama, tsofaffi kuma ba sa rabuwa da jin ɗumi.

Makamashi a wannan yanki yana nufin itace, karan dawa da na gero, gawayi, da busasshen kashin shanu. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, amma ko a garuruwan da waya ta kai, kaɗan ne ke girki da ita. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar sufuri da faɗuwar darajar naira sun ɗaga kuɗin gas da kalanzir, har gidaje da dama da suka bar itace suka dawo masa. Saboda haka maganar tsimin makamashi a 'Yankwashi ko Roni daga bakin murhu take farawa.

Murhun duwatsu uku, wanda kusan kowane gida ya gada, yana kai wa tukunya kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin itacen da aka ƙona. Ragowar yana bin iska. Da hunturu asarar ta fi muni, domin iska tana kwantar da harshen wuta gefe guda, ta bar gindin tukunya da hayaƙi. Wanda ya tsaya a tsakar gida da sassafe zai ga abin da idonsa: uwargida ta durƙusa tana fifita, wuta tana lasar dutsen murhu, ruwan koko kuwa ko motsi bai yi ba, sai ta ƙara tura itace biyu. Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi. Murhun da aka gina da yumɓu haɗe da ƙaiƙayi da kashin jaki, aka kewaye shi har ya rungume gindin tukunya, aka bar masa baki ɗaya yana kallon kudu ko yamma, yana tsare wuta daga iska, yana kuma riƙe zafi a jikinsa. Irinsa kan rage cin itace da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an gina shi daidai girman tukunyar gidan. Abin takaici ne ƙwarai a ce ƙasar da za a gina shi da ita tana bayan gida, amma ana ci gaba da sayen dami a kan dami.

Ingancin itacen ma yana da nasa tasiri. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wuta sai ta ƙone ruwan kafin ta yi wa tukunya amfani. A faskara shi ƙanana, a jingine shi a rana, iskar hunturu da kanta za ta busar da shi. Rufe tukunya da marfi, jiƙa wake tun dare, da 'yar kanwa da mata suka daɗe da sanin aikinta, duk suna gajarta zaman tukunya a wuta. Akwai kuma dabarar da ba ta yaɗu ba: idan shinkafa ko wake ya tafasa sosai, sai a sauke tukunyar, a naɗe ta da tsohon bargo, a sa ta cikin kwando mai cike da tsumma ko ciyawa. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar ba tare da ko tsinke ɗaya ba.

Ruwan zafi shi ne babban abin da hunturu ke ƙara wa murhu. Baƙar jarka da aka cika aka ajiye a rana daga hantsi tana ba da ruwan wanka mai ɗumi da la'asar. Ruwan alwalar asuba kuwa ana iya tafasa shi a garwashin tuwon dare, a zuba a fulas, maimakon hura sabuwar wuta cikin duhu. A gidajen da ke da lantarki, hitar da ake tsomawa a bokiti kan ja wat 1,000 ko fiye, wato abin da ƙwan fitila na LED mai wat 10 guda ɗari za su ja, kuma mantawa da ita a jone bayan an ɗauke wuta har a dawo da ita tana cikin sanannun musabbaban gobarar hunturu.

Shi kansa ɗaki yana da rabonsa. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana shan zafin rana ya riƙe, ya sake shi a hankali cikin dare. Rufin kwano marar silin kuwa yana hucewa da zarar rana ta faɗi. Silin ko da na tabarma ne, labule mai kauri a ƙofa, toshe kafofin da ke fuskantar arewa da gabas, da shimfiɗa mai ɗaga mutum daga siminti, sun fi wuta amfani ga mai barci.

A nan ne kuma haɗari yake. Kaskon garwashi a cikin ɗakin da aka rufe ruf yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, ta fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Duk ɗakin da aka toshe don tsare ɗumi, wajibi ne a fitar da kasko daga cikinsa kafin a kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara da ke zama kusa da murhu su ne suka fi shaƙar hayaƙin.

Itacen da ba a ƙona ba bishiya ce da ta tsira. Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa saboda barazanar hamada, kuma kirya da marke, waɗanda suka fi kowane itace garwashi, su ne gatari ya fi nema. Maƙwabta a jihar Maradi ta Nijar sun fuskanci irin wannan tun shekarun 1980 da abin da suke kira sassabin zamani: manomi ya bar tohon kututture a gonarsa, ya zaɓi rassa kaɗan ya raina, ya sare sauran ya kai gida don girki. Ta haka bishiyoyi suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma sabara da kalgo da gawo da suka yi wannan aiki a can suna tohowa a gonakin 'Yankwashi da Babura kowace shekara.