Miƙa Wa Abokinka Ya Duba Maka

Yau da ku nake, 'yan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar masu karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa.

Da yawanmu mun ɗauka kwas ɗin rubuta manhaja haddar Python ko Java ne. A'a. Abin da ake so ka fita da shi salon tunani ne: ka gutsuttsura babbar matsala, ka ajiye abin da bai shafe ta ba, ka jera matakai yadda na'urar da ba ta da hankali za ta bi. Tun 2006 wata farfesa a Amurka, Jeannette Wing, ta rubuta cewa irin wannan tunani kowa na buƙatarsa kamar karatu da lissafi.

To ta yaya ake koyonsa? Bari in ba ku misali daga gida. A ce an ba ka aikin rubuta manhajar da za ta lissafa wa dillali la'adarsa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ka gwada da shanu goma, ta yi daidai, har ka fara murmushi. Sai ka miƙa wa abokinka. Ya ce, "In mai sayen daga Nijar yake, ya biya da sefa fa? In ranar ko akuya ba a sayar ba, ga shi ka raba kuɗin da adadin dabbobi, wato sifili?" Nan take manhajar ta tsaya cak. Kai kana karanta abin da ka yi niyya ne, shi kuwa abin da ka rubuta yake karantawa. Shi ma ya ƙaru, don sai da ya bi tunaninka layi-layi kafin ya gano ramin.

Malami ɗaya ba zai iya yi wa aji guda wannan bin diddigin ba. Ko a Google, sai wani injiniya ya duba aikinka kafin a shigar da shi.

Matsalarmu ita ce kara. "Ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma wallahi ba gyara ba ce. Shi ya sa nake ganin malamai su riƙa ɓoye sunaye, su kuma ba mai dubawa maki a kan tambayar da ya yi. Kuma a kula, dubawa daban, kwafa daban. Nuna masa layin da ya karye, kada ka rubuta masa. Wanda ya ɗebo daga ChatGPT ma, ka ce ya yi bayanin layi na bakwai, za ka ji shiru.

Babu wuta, babu kwamfuta? Takarda da biro sun isa. Ɗaya ya zama na'ura yana bin umarni kamar yadda aka rubuta, ɗaya yana kiran lambobi, kuma ku fara da sifili.